Kwana Shida A Cikin Bas: Mota Muna Da Ita, Zango Ne Babu

Ranar Talatar makon jiya, bayan na fito daga aji, wani ɗalibina na shekarar ƙarshe ya biyo ni har bakin ofis, ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Malam, don Allah a duba wannan." Bidiyo ne na wani Bature da matarsa waɗanda suka sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya, suka kafa gado a cikinta, suka keɓe ɗan wurin girki, suka ɗora farantin sola a kan rufi. Ga su nan sun buɗe ƙofar baya suna kurɓar shayi, teku na shimfiɗe a gabansu, rana tana shirin faɗuwa. Da bidiyon ya ƙare sai yaron ya ce, "Malam, ni fa na yanke shawara. Da zarar na gama bautar ƙasa, bas zan nema in mayar da ita ɗaki. Babu mai gida, babu dillali, babu kuɗin hayar shekara. Duk inda dare ya yi mini, nan ne gida."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Na farko, na san abin da ya tura shi ga wannan tunani. Ya ga yayyensa sun gama digiri shekara biyar ko shida, har yau suna ɗakin samari a gidan iyaye, aure ya gagara saboda ɗaki biyu da makewayi sun gagara. Na biyu, ni kaina na taɓa kwana shida a jere a cikin bas, kuma abin da na gani ya sha bamban da abin da wayarsa ta nuna masa. Na yi masa alkawarin zan ba shi amsa a wannan fili, domin na tabbata ba shi kaɗai ne ke wannan mafarki ba.

Bari mu fara da inda abin ya samo asali. A shekarar 2011 wani matashi Ba'amurke mai suna Foster Huntington ya ajiye aikinsa a birnin New York, ya koma zama a cikin wata tsohuwar Volkswagen, yana yawo yana saka hotuna a Instagram. Daga nan salon ya bazu, har ya zama sana'a ga masu neman mabiya a intanet. Sai dai akwai wata fuska ta wannan rayuwa da ba ta cika fitowa a irin waɗannan hotuna ba. A 2017 'yar jarida Jessica Bruder ta wallafa littafin Nomadland, bayan ta shafe shekaru tana bin dattawan Amurka waɗanda rushewar tattalin arziki ta 2008 ta raba su da gidajensu da ajiyarsu, suka koma kwana a cikin motoci, suna bin aikin ƙwadago na ɗan lokaci a rumbunan kayan Amazon da gonaki da wuraren shaƙatawa. Fim ɗin da aka yi daga littafin shi ne ya lashe babbar kyautar Oscar a 2021. Ke nan ko a can ma masu kwana a mota kashi biyu ne: waɗanda suka zaɓa, da waɗanda aka zaɓa musu. Na farkon ne ke da kyamara.

Mu kuwa a nan, wanda duk yake son ganin masu rayuwa a cikin mota ba ya buƙatar sayen data. Ya zo unguwarmu ta Rijiyar Lemo bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ya bi titin Katsina a ƙafa. Zai ga bas-bas da J5 da kanta da akori-kura a jere a bakin hanya da harabar gidajen mai, wasu ɗauke da buhunan hatsi daga Dawanau, wasu da kayan da aka saro a Singa da Kantin Kwari ana jiran asuba. Idan ya lura zai ga tafin ƙafa ya leƙo ta taga, zai ga yaron mota ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota, zai ga buta da jarka a gefen taya. Idan ya ƙarasa Sabon Gari, wajen tashar manyan motocin Kudu da ke New Road, zai tarar da fatake maza da mata waɗanda suka kwana a kan hanya suka zo, suka wuni a kasuwa, kuma a kan kujerar mota ko a kan ƙullin kayansu za su sake kwana. Waɗannan mutane sun shekara da shekaru suna yin abin da ɗalibina ya ɗauka sabon salo ne, kuma babu wanda ya taɓa yi musu bidiyo da kiɗa mai taushi.

Yadda aka yi na shiga sahunsu kuwa shi ne, a 2022 ƙungiyarmu ta malaman jami'o'i, ASUU, ta shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har zuwa 14 ga Oktoba, aka kuma tsayar da albashi. Ina da wani bincike a kan kasuwannin mako-mako da na daɗe ina ɗagawa saboda rashin lokaci. Yanzu ga lokaci ya samu, kuɗin mota da na masauki ne babu. Ina da wani maƙwabci, dattijo ne da ya girme ni da kusan shekara goma, yana da tsohuwar Toyota Hiace da aka cire wa kujerun baya, yana ɗaukar 'yan koli da kayansu yana zagaya kasuwanni da su. Na yi masa tayin in biya nawa kason na mai in bi su. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Dakta, anya za ka iya? Ba otal a inda za mu fa." Na ce ai da ma otal ɗin nake gudu. Tun daga ranar nake kiran sa Madugu, sunan kuma ya bi shi har yau.

Mu biyar muka tashi ranar wata Asabar da la'asar, a farkon damina: Madugu, da yaronsa, da 'yan koli biyu masu robobi da takalma da yadi, sai ni da jakar littattafai da gidan sauro. Tsarin tafiyar ranakun kasuwa ne suka shata shi, ba mu ba. Lahadi Ɗambatta, Alhamis Maigatari a bakin iyakar Nijar, Juma'a Wudil, a tsakani kuma ƙananan kasuwannin ƙauyuka ta wajen Kazaure da Daura da Ɓaɓura. Guzurinmu garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da sukari, sai abin da aka samu a hanya: koko da ƙosai da safe, fura da nono da rana, shayi da burodi ko garau-garau da dare.

Daren farko a Ɗambatta ya kusa ruɗa ta. Madugu ya shiga wani gidan mai inda maigadin ya san shi, suka gaisa da tambayar iyali, aka nuna mana gefen da za mu tsaya. Ga masallaci, ga famfo, ga makewayi, ga mai shayi a bakin titi. 'Yan kolin suka tafi rumfar wani abokin cinikinsu, Madugu ya miƙe a kujerar gaba, yaron ya hau rufi, ni kuma na shimfiɗa bargo a kan dilar yadi na ɗaura gidan sauro a jikin ƙarfen taga. Iska mai sanyi tana kaɗawa, taurari sun cika sama. Na ce a raina, ashe Turawan nan suna da gaskiya.

Dare na uku ne ya fara gyara mini lissafi. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, dukkanmu biyar muka cusa cikin motar tare da kaya. Idan aka rufe tagogi numfashi ya yi wuya, idan aka buɗe feshi ya jiƙa yadin mutane. Rufin yana yoyo a wurare biyu, ɗaya daidai kaina. Da ruwan ya ɗauke sai sauro ya karɓi aiki. Ɗaya daga cikin 'yan kolin ya roƙi a tayar da inji a kunna fanka, Madugu ya ƙi ƙememe. Ya ce hayaƙin salansa idan ya sulalo cikin rufaffiyar mota ba ya sallama, barci kawai mutum zai yi ya zarce. Bai taɓa shiga ajin kimiyya ba, amma abin da ya faɗa shi ne abin da likitoci ke faɗa game da gubar da ke cikin hayaƙin inji, irin wadda ke hallaka iyalai masu kwana da janareta a cikin ɗaki.

Da asuba kuma wata matsalar ta taso, wadda ba a cika son ambatonta a jarida ba, alhali ita ce gaba da komai. Garin da muka kwana babu gidan wanka, makewayin masallaci kuma a kulle. Sai ga mai digiri uku riƙe da buta yana ratsa gonar mutane yana waige-waige. A nan na gane cewa abin da ɗaki ke ba ɗan Adam ya wuce inuwa da katifa, sutura yake ba shi. Na kuma tuna da matan nan fatake na tashar Sabon Gari, na tambayi kaina yadda suke yi, tunda abin da namiji zai iya yi a bayan gari da duku-duku, mace ba za ta iya ba.

Dare na huɗu shi ne wanda ba zan manta ba. Fambel ya tsinke mana a daji bayan la'asar, lagireto ya tafasa. Sai da yaron ya hau babur ɗin haya ya je gari ya dawo, aka ɗaura, duhu ya riga ya shiga. Madugu ba ya tuƙin dare, don haka muka raɓa a bakin wani ƙauye inda babu wanda ya san mu, muka kwanta ba tare da mun yi wa kowa sallama ba, saboda garin ya riga ya yi tsit. Wajen ƙarfe biyu na dare muka farka cikin hasken tocila, mutane kusan goma sun kewaye motar da gora da adduna da bindigar toka. 'Yan sintirin garin ne. Suka sa muka fito muka zauna a ƙasa, aka sauke kaya ɗaya bayan ɗaya ana kwancewa. Na zaro katin shaidar aikina na jami'a na miƙa, wanda ya karɓa ya juya shi gaba da baya ya ce, "Malam, wannan ai kowa ma zai iya bugawa." Abin da ya cece mu shi ne Madugu ya tuna da wani mai awon hatsi a garin da ke gaba, wanda suka daɗe suna hulɗa. Aka buga masa waya har sau uku kafin ya ɗauka, ya yi magana da mai unguwa, ya ce ya san mutumin, ya san motar, ya tsaya masa. Nan take fuskoki suka sake. Aka ba mu haƙuri, aka taya mu mayar da kaya, da gari ya waye ma har da ƙwaryar fura aka aiko mana.

Ban ga laifin mutanen nan ba, kuma har yau ban gani ba. A ƙasar da ake shiga ƙauye da dare a kwashe mutane da dabbobi, baƙuwar mota a bakin gari abin tsoro ce. Amma na san da wayar nan ba ta shiga ba, da labarin zai iya zama wani. Da aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan jihar Kano, a garin Uromi na jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta dawowa gida hutun Sallah, daren nan ne ya faɗo mini a rai. Tsakanin baƙon da aka kawo wa fura da baƙon da aka yi wa taron dangi, wani lokaci mutum ɗaya ne tak wanda zai ce, "Na san shi."

Da muka dawo gida daren Juma'a daga Wudil, na zauna na yi lissafin abin da muka kashe. Mai kaɗai ya cinye fiye da rabi, sai gyara, sai kuɗin tikiti na tasha da na kasuwa da abin da ake miƙawa a shingayen hanya, abinci ne ya zo ƙarshe. A lokacin kuwa litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, cikin kwana biyu lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa, ko bayan ƙarin da aka yi a 2024, naira 70,000 ne. Don haka ɗalibina da ke gudun mai gida ya sani cewa mai gidan mai zai koma wa, shi kuwa ba ya jiran ƙarshen shekara, kullum yake karɓar hayarsa, kuma ba a yi masa magiya. Ga kuma wani abu: wanda motarsa ce ɗakinsa kuma ita ce jarinsa, ranar da ta kwana a garejin makaniki a Ƙofar Ruwa, ya rasa wurin kwana da abin cefane a lokaci guda.

Tsadar man ta ƙara yawan masu kwana a mota a cikin birnin nan namu. Na san direbobin da gidajensu ke bayan gari, waɗanda a da suke komawa wajen iyali kowane dare, yanzu sai bayan kwana uku ko huɗu, domin tafiya gida da mota babu fasinja asara ce da ba za su iya ɗauka ba. Suna da mata, suna da 'ya'ya, suna da ɗaki, amma a kan kujera suke kwana. Direban da ya kwana a lanƙwashe, sauro na cizo, kunne ɗaya na sauraron ɓarawon batir, shi ne zai ɗauki rayuka goma sha takwas da safe ya hau babban titi da su. Ke nan maganar ta shafi har wanda bai taɓa tunanin kwana a mota ba.

A hanyarmu ta dawowa na tambayi Madugu abin da ya fi wahala a wannan rayuwa tasa. Na zaci zai ce zafi ko sauro. Sai ya ce, "Dakta, kwana a mota ba shi da wuya, jiki yana sabawa. Wurin tsayawa ne mai wuya." Wannan magana ita ce ta buɗe mini ido a kan abin da bidiyon ɗalibina ya ɓoye. Baturen nan ba motarsa ce ta ba shi kwanciyar hankali ba, tsarin da ke kewaye da motar ne. A jihohin yammacin Amurka akwai faffaɗan filayen gwamnatin tarayya inda doka ta yarda mutum ya yada zango kyauta har kwana 14. A Faransa garuruwa da ƙauyuka sun tanadi dubban wuraren tsayawar irin waɗannan motoci, da ruwan sha da wurin zubar da ƙazanta. A birnin Santa Barbara na jihar Kalifoniya, tun 2004 ake da shirin buɗe harabar majami'u da ofisoshi da dare domin marasa gida masu kwana a mota su sami amintaccen wuri. Da za a ɗauko motar nan tasu da gadonta da solarta a ajiye ta a bakin ƙauyen da muka kwana, da su ma tocila za ta tashe su.

Abin takaicin shi ne, wannan tsari da muke hange a wajen wasu, namu ne tun kafin a ƙera mota, kuma sunansa zango. Ƙaramar hukumar da nake zaune a cikinta ma daga zango ta tsiro. Ruwayoyin tarihi suna kai asalin Fagge zuwa zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a matsayin fili a wajen ganuwa inda ayarin raƙuman Buzaye da sauran fataken Sahara ke sauke gishiri da kaya su huta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari jim kaɗan bayan haka domin wasu baƙin, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Hatta sunayen unguwanninmu, irin su Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki da Rijiya Biyu, suna tuna mana cewa a da ana sanin wuri ne da ruwan da ke cikinsa.

Fataken goro da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja suna shafe watanni a hanya, duk abin da suka mallaka yana kan jaki, ƙarƙashin jagorancin madugu da jagaba da uban dawaki. Su ne ainihin masu rayuwa a kan hanya da ɗan guzuri. Amma ba da ka suke tafiya ba. A kowane mataki akwai zango a gefen gari, da ruwa da wurin kiwo da mata masu sayar da abinci, da sarkin zango mai kula da tsari. A manyan kasuwanni akwai fatoma, mai masaukin baƙi, wanda zai sauke ka, ya adana kayanka, ya haɗa ka da mai saye, ya kuma tsaya maka idan magana ta taso, ya karɓi la'adarsa. Aikin da mai awon hatsin nan ya yi mana ta waya da ƙarfe biyun dare, aikin fatoma ne, sai dai a da sana'a ce mai ƙa'ida, yanzu kuwa sa'a ce. Ƙarfin wannan tsari ne ya sa kalmar ta bi fatake har Kumasi da Ankara, inda har gobe ake kiran unguwannin Hausawa da sauran baƙi zango. Wanda kuma ya zo shi kaɗai, akwai zauren mai gari, akwai zauren malam, akwai masallaci.

Yau fa? Zaure ya zama shago ko gareji, an sa ƙofar ƙarfe. Masallatai da yawa ana kulle su bayan isha'i saboda ɓarayin batir da amsa-kuwwa, da kuma tsoron da ya shiga zukata tun shekarun hare-hare, irin wanda aka kai tashar New Road ranar 18 ga Maris, 2013. Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya. Sai dai mun rufe tsohuwar ƙofa ba mu buɗe sabuwa ba. Mun sauya jaki da bas, muka bar zango a baya.

Saboda haka ina da shawarwari, kuma babu wadda ke buƙatar bashin ƙasar waje. Ta farko ga ƙananan hukumomi, musamman Fagge da maƙwabtanta, waɗanda ke karɓar kuɗin tikiti kowace rana a tashoshi da kasuwanni: a ware fili a kan kowace babbar hanyar shiga gari, a kewaye shi, a sa ruwa da fitila da maigadi da makewayi da wurin wanka, na mata daban, a ajiye littafin rajista, a karɓi ɗan kuɗin da bai fi ƙarfin yaron mota ba. Ta biyu ga ƙungiyar direbobi ta NURTW da ƙungiyoyin 'yan kasuwa: suna da reshe kusan a kowane gari, don haka za su iya zama fatoman zamani, su ba mambobinsu shaidar da ke ɗauke da lambar wayar da ɗan sintiri zai kira ko da tsakar dare a ce masa an san wannan mutum. Ta uku ga masu gidajen mai, su bar makewayinsu a buɗe ga matafiyi, da yawansu ma suna yi, Allah Ya saka musu. Ta huɗu ga masu hali da ke neman sadaka mai gudana: matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da aka ambata a rabon zakka, kuma rijiyar burtsatse da banɗaki a tasha za su amfani dubban bayin Allah da ba za su taɓa sanin sunan wanda ya gina ba.

Na san za a ce irin wannan wuri zai zama matattarar 'yan ƙwaya da masha'a. Tsoron yana da tushe. Amma mutanen nan suna nan suna kwana ko da zango ko babu, kuma ɓarna ta fi samun gindin zama a lungu mai duhu da babu mai tambayar sunan kowa, a kan fili mai fitila da rajista da maigadi. Abin da ni na fi tsoro daban ne: kada wata rana a ce tunda an gina zango, an magance matsalar muhalli. Zango na matafiyi ne, mai gida a wani wuri. Madugu ya taɓa ce mini shi kwanan mota bai dame shi ba, domin ya san ranar Juma'a zai buɗe ƙofarsa a Rijiyar Lemo yara su rugo su karɓi tsaraba. Wanda ba shi da ƙofar da zai buɗe, ba tafiya yake yi ba, gararamba yake yi, ko da motarsa tana da sola.

To, ɗalibina, ga amsarka. Ban hana ka tafiya ba, hasali ma ina kwaɗaitar da kai. Abin da na koya a kwana shidan nan game da yadda kaya da kuɗi da bashi da amana ke yawo tsakanin kasuwanninmu, ban same shi a shekarun da na yi a ɗakin karatu ba. Matashin da bai san Maigatari ko Illela ko Maraɗi ba, amma ya san titunan Dubai ta waya, akwai saura a iliminsa. Idan za ka yi, ka tafi da dalili, ko sana'a ko bincike ko zumunci. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka zaɓi bayan kaka, lokacin sanyi, sauro ya ragu abinci ya yi sauƙi. Ka tambayi direbobin tasha halin hanya kafin ka hau ta. Ka isa masauki kafin magariba, ka fara da gaida mai unguwa ko liman, ka faɗi sunanka da inda ka fito da inda za ka. Ka riƙe gidan sauro, ka cika takardun mota, ka ware kuɗin gyara inda hannunka ba zai kai gare su ba don yunwa ko sha'awa, kuma kada ka kwana da inji a kunne. Sama da duka, ka bar ɗaki a bayanka, ko da na samari ne a gidan mahaifinka, domin shi ne zai sa a kira ka matafiyi.

Shekaranjiya da dare na dawo daga ɗaurin wata magana a Kurna, na bi ta gaban gidan man da ke kusa da mu. Motoci bakwai na ƙirga, kowace da mai kwana a ciki. Wani yaro yana wanke ƙafa da ragowar ruwan leda, yana shirin shiga ƙarƙashin kanta. Waɗannan su ne ke kawo mana hatsin da muke ci da yadin da muke ɗinkawa, a garin da ya yi suna da arziki saboda ya iya saukar baƙo. Ba su nemi otal ba. Ruwa suke nema, da sutura, da wurin da za su rufe ido biyu a lokaci ɗaya.

Allah Ya tsare matafiya a duk inda suke, Ya mayar da kowa ga iyalinsa lafiya. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.